Jinsiyya da Akwati: Yadda Sunanmu Ya Shiga Rigimar Zaɓe a Sudan



Kowace shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, shafukan nan sukan cika da labarin hanya: farashin riɗi a Gadarif, kuɗin fito a Gallabat, yadda ƙaro da zoɓo suka yi a kasuwa, da sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bana mun ware wuri ga wani tarihi wanda a ido bai yi kama da na fatauci ba, amma duk mai lori a cikinmu ya taɓa jin zafinsa a shingen 'yan sanda. 'Yan uwanmu na Kano da Maraɗi, waɗanda siyasa ta zame musu abin hira a rumfa, sukan yi mamakin yadda mutanen Mai Wurno da na ƙauyukan Jazira suke kame baki da zarar an ɗauko zancen zaɓe. Abin yana da asali. Tun daga shekarun 1950, sau da yawa idan jam'iyyun Sudan suka tashi zargin juna da maguɗi, sai ka ji sunanmu a tsakiyar zargin, wai an kwaso Fallata a lori an kawo su sun jefa ƙuri'a.

Kafin mu isa bakin akwati, sai mu tuna yadda aka zo. Hanyar hajji ta ƙasa ta girmi kowace iyaka da ke kan taswira yau, kuma tun da daɗewa akwai Takari da suka yada zango a Darfur da Kurdufan da Sinnar, suna noma suna tara guzuri, wasu su wuce Sawakin, wasu kuma zangon ya zame musu gida. Babban kwararo shi ne wanda ya biyo bayan Burmi. A watan Yulin 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a can, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Nilul Azrak kudu da Sinnar wajen 1906. Garin da ya kafa har yau sunansa yake amsawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya nemi hannaye fiye da waɗanda ƙasar take da su. Kakanninmu suka shiga cirar auduga da yasar magudanan ruwa. Da kasuwar auduga ta faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da yawa suka watsar da hawasha, wato gonar da hukumar aikin take ba mutum ya riƙe, wasu daga cikin mutanenmu suka karɓa suka raya. A wannan zamani ba wanda ya tambaye su takarda. Turawa ma yaba su suke yi da juriya.

Takarda ta shigo ne da aka fara shirin mulkin kai. A 1948 gwamnatin Turawa ta yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, ta kafa ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin ma'auni: wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun wannan rana, shi ne ɗan ƙasa. Ku dubi lissafin da kyau. Bafulatani ko Bahaushen da ya zo zamanin Mahadi ya shiga. Wanda ya taso daga Sakkwato bayan Burmi, ya taka ƙasa da ƙafa shekara da shekaru, ya binne iyayensa a bakin Nilu, ya makara da 'yan shekaru ƙalilan. Shi da 'ya'yan da ya haifa a Mai Wurno sun zama baƙi a bisa doka. Dokar jinsiyya ta 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana, sannan ta raba 'yan ƙasa gida biyu: mai jinsiyya ta haihuwa da mai jinsiyya ta tajannus, wadda ake nema a ba mutum bayan ya cika sharuɗɗa, ciki har da zaman shekara goma da iya Larabci. Ta biyun gwamnati ce take bayarwa, kuma doka ta ba ta ikon karɓe ta.

Zaɓen farko na majalisar ƙasa an yi shi a ƙarshen 1953, ƙarƙashin wata hukuma ta haɗin gambiza: Ba'ingile ɗaya, Bamisire ɗaya, Ba'amurke ɗaya, 'yan Sudan uku, da shugaba daga Indiya, Sukumar Sen, mutumin da ya gudanar da babban zaɓen Indiya na farko. An zo da shi ne don kowa ya yarda, amma ba a yarda ɗin ba. Masar ta ce jami'an Ingila suna matsa wa nazirai da umdodi lamba su kai jama'arsu ga masu ƙin haɗewa da ita. Jam'iyyar Umma, ta Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, ta ce kuɗin Masar ne suke yawo a ƙauyuka, tana nuna Salah Salim, ministan Masar mai kula da al'amuran Sudan. Jam'iyyar Ittihadi ta Isma'il Azhari ta ci kujeru 51 daga cikin 97, Umma ta tashi da ashirin da 'yan kai. Haushin bai huce ba. Ranar 1 ga Maris 1954, da Janar Najib na Masar ya sauka Hartum don buɗe majalisa, Ansar suka cika gari, aka yi arangama da 'yan sanda, mutane da dama suka mutu, har da Baturen da yake kwamandan 'yan sandan Hartum. Aka ɗage bikin.

Yadda ake jefa ƙuri'a a karkara a lokacin ya cancanci a tsaya a kansa, domin dattawan Kano da Katsina za su gane shi, irinsa aka yi a Nijeriya a 1959. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a cikin ɗaki. A miƙa maka 'yar takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa a akwatin da kake so. An tsara shi saboda wanda bai iya karatu ba, amma yana da ƙofa a bayansa: mutum yana iya shiga ya fito da takardarsa a aljihu ya miƙa wa wanda ya saya, shi kuma ya tara ya ba wani amintacce ya zuba gaba ɗaya. Ga kuma umda zaune a bakin ƙofa a matsayin mai shaida cewa wane ɗan wane ne. Wanda gonarsa da harajinsa da shari'arsa duk suna hannun umda, ba sai an ɗaga masa murya ba.

Zaɓen Fabrairu da Maris na 1958 shi ne inda sunanmu ya shiga rigimar sosai. Azhari ya riga ya faɗi, gwamnati tana hannun haɗin gwiwar Umma da jam'iyyar Sha'ab ta Khatmiyya, Abdullahi Khalil yana firaminista. Wannan gwamnati ce ta shirya dokokin zaɓen. Ta soke kujerun masu ilimin boko, inda Ittihadi take da ƙarfi. Ta sake yanka mazaɓu, kujeru suka koma 173, ƙari mai yawa ya tafi yankunan karkara inda Ansar da Khatmiyya suke. Ta yi rumfunan zaɓe masu bin makiyaya inda suke kiwo. Sannan ga sabuwar dokar jinsiyya, wadda takardarta daga ma'aikatar cikin gida take fitowa, ma'aikatar kuwa tana hannun masu mulki. Ittihadi ta ce ana raba wa mutanen yamma jinsiyya don su zaɓi Umma. Da aka ƙidaya, Umma ta samu kujeru 63, Ittihadi arba'in da 'yan kai, magoya bayan Azhari kuma suka dage cewa yawan ƙuri'unsu bai yi daidai da ƙarancin kujerunsu ba.

Zargin yana da ƙafar da ya tsaya a kai, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tun shekarun 1920 dubban mutanen yamma, cikinsu har da Fulani da Hausawa da Barebari, suka yi hijira zuwa tsibirin Aba, suna yi wa Sayyid Abdurrahman noman auduga don neman albarka. Soyayyar Mahadi a ƙasar Hausa tsohuwa ce, tun zamanin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yi wa Mahadi mubaya'a daga Adamawa. Duk Ansarin da ya samu takarda, an san inda ƙuri'arsa za ta. Sai dai an yi mana kuɗin goro. Gidan sarautar Mai Wurno bai bi Sayyid Abdurrahman ba, Turawa ma sun riƙa kallonsa a matsayin katanga tsakanin mutanen yamma da Aba. Da yawa daga cikin ƙauyukanmu Tijjanawa ne ko Ƙadirawa, wasu kuma fatake ne da huldarsu ta ciniki take tare da attajiran Madani da Sinnar, waɗanda galibinsu mutanen Ittihadi ne. Ɗan siyasar da yake ihu a Hartum bai san wannan bambanci ba, kuma bai nema ya sani ba. A wurinsa duk wanda harshensa ya karkata, Bafallace ne, duk Bafallace kuma ƙuri'ar Umma ce ta haram.

A nan ne tsoratarwar take, kuma ba irin ta gora da adda ba ce wadda mutanen Kano suka sani zamanin NEPU da 'yan mahaukata. Tsoratarwar takarda ce. Idan an kafe sunayen masu zaɓe, doka ta ba kowa damar ya yi ɗa'ani, wato ya ƙalubalanci wani suna. Dattawanmu sukan ba da labarin yadda wakilin jam'iyya zai bi jerin da yatsa, ya ga Garba ko Tanko ko Audu, ya ce wannan ba ɗan ƙasa ba ne. Sai a kira mutum ya zo ya tabbatar da kakan kakansa, da shaidu daga dangin uba. Manomin da yake da hawasha yana tsoron kada binciken ya wuce maganar ƙuri'a ya taɓa gonar, domin tun da aka fara maganar 'yan ƙasa aka riƙa ƙyashin barin hawasha a hannun wanda ake kira baƙo. Ɗan kasuwa yana tsoron lasisinsa. Da yawa sai su janye kawai, su ce zaɓen nan ba nasu ba ne. Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya taimaka maka ka samu takardar, ba ya barinka ka manta. Ranar zaɓe motarsa tana ƙofar gidanka tun asuba, kuma kai da shi duk kun san cewa abin da minista ya bayar minista yana iya karɓa.

Mu masu lori abin ya same mu ta wata fuska daban. Mai Wurno ya yi suna da lori da direbobi, har wani Bature mai bincike, Mark Duffield, ya yi littafi guda a kan garin a 1981. Lokacin zaɓe jam'iyyu suna hayar mota don kai jama'a rumfa, domin ƙauyuka suna nesa da juna. Ciniki ne mai kyau na 'yan kwanaki. Amma lorin da aka gani ɗauke da tutar wata jam'iyya, idan ɗayar ta ci, mai shi yakan daɗe yana biyan bashin wannan haya wajen sabunta takardu da rabon man fetur. Kuma hoton nan na lori cike da mutanenmu yana tsaye a bakin rumfa, shi ne ya zama hujjar masu cewa an kwaso baƙi, alhali mutanen daga ƙauyen da ke bayan magudanar ruwa suka taso.

Majalisar 1958 ba ta yi ko shekara ba. Ranar 17 ga Nuwamba Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki, aka kulle akwatuna sai bayan juyin Oktoba na 1964. A zaɓen 1965 mata suka samu ƙuri'a gaba ɗaya, Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisa, jam'iyyar Sha'ab ta ƙaurace, yawancin Kudu kuma ba a yi zaɓe ba saboda yaƙi. A 1968 gidan Mahadi ya rabu biyu tsakanin Sadik da baffansa Imam Hadi, har Sadik ya rasa kujerarsa. Ansar na cikinmu suka rasa wanda za su bi. Sai Numairi ya zo a Mayun 1969. A Maris 1970 aka yi wa Aba ruwan wuta, aka kashe Imam Hadi a kusa da Kurmuk yana neman tsallakawa Habasha, kuma cikin waɗanda suka mutu a tsibirin akwai 'ya'yan mutanen yamman nan da suka yi hijira don neman albarka. Zaɓukan Numairi ba sa buƙatar dogon bayani: ɗan takara ɗaya, i ko a'a, sakamako sama da kashi 98 cikin ɗari kowane karo.

Ga 'yan uwa na Nijeriya da za su ce wannan halin Sudan ne, bari mu ɗan ratse. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta NPN ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a majalisar dokokin Borno, ta kai shi bakin iyaka ta tura shi Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. A farkon 2019 kuma, da gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci taron yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano, PDP ta ce shirin shigo da mutanen Nijar ne su yi zaɓe. Duk inda iyaka ta ratsa dangi ɗaya, wanda ya ga alamar faɗuwa yakan tuna da iyakar. Bambancin kawai shi ne Bakano ko Bakatsine yana jin wannan zargi ne a kan wani, mu kuwa a kanmu muke jin sa.

Zaɓen Afrilun 1986, bayan faɗuwar Numairi, shi ne wanda har yau mutane suke cewa ya fi tsafta. Umma ta zo ta ɗaya da kujeru kusan ɗari, Ittihadi 63, Jabha Islamiyya ta Hasan Turabi 51. Ko a nan an yi ƙorafi, amma ba a kanmu ba. An dawo da kujerun masu ilimin boko, guda 28, Jabha ta kwashe 23, abokan hamayya suka ce ta tsara magoya bayanta da ke ƙasashen waje ne suka yi rajista a yankunan da ƙuri'a kaɗan take isa a ci kujera. Turabi da kansa ya faɗi a mazaɓarsa ta Hartum saboda sauran jam'iyyu sun haɗe masa kai. Shekara uku bayan nan, ranar 30 ga Yunin 1989, Umar Bashir ya hau da goyon bayan Jabha.

Mulkin Inkaz ya yi mana abin da ya kamata a faɗa da gaskiya. An riga an matsar da ranar nan ta 1897 zuwa 1924, sannan dokar jinsiyya ta 1994 ta kawo ta 1 ga Janairun 1956, ranar samun 'yanci, ta kuma rage shekarun zama ga mai neman tajannus zuwa biyar. Gidaje da yawa da suka shekara hamsin ba takarda sun samu a wannan zamani. Yara suka shiga jami'a, mutane suka yi fasfo suka tafi Umara ta jirgi maimakon kwale-kwalen dare. Amma ba kyauta aka yi ba, kuma 'yan adawa ba su ɗauke ta kyauta ba. Tsohon zargin 1958 ya dawo da sabuwar riga: da an ce mu ƙuri'ar Umma ne, yanzu an ce mu ƙuri'ar Mu'utamar Watani ne, jam'iyyar Bashir. Sai ga shi a 2008, shekarar ƙidayar jama'a, ana shirin zaɓe, wata jaridar Hartum ta buga cewa Bashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadarsa ta musanta. Kafin musun ya isa, Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, aka yi taho-mu-gama da 'yan sanda. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, saurin da mutane suka yi wajen gaskata labarin ya nuna irin zaman da takardar take yi a aljihunsu.

Zaɓen 11 zuwa 15 ga Afrilun 2010 da yawanmu mun yi shi da hannunmu. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ce ta haifar da shi, Abel Alier ɗan Kudu yana shugaban hukumar zaɓe. Mai zaɓe a Arewa takardu takwas ake miƙa masa, na Kudu goma sha biyu, ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Tun wajen rajista aka fara kuka. Jam'iyya mai mulki tana kafa tanti kusa da wurin rajista, ka fito ta karɓi 'yar takardarka ta rubuta lambar, wai don ta tuna maka ranar zaɓe. Wanda ba shi da katin shaida yana iya zuwa da takardar zama daga lajna sha'abiyya, kwamitin unguwa, wanda kowa ya san na gwamnati ne, ko kuma arrif ya shaide shi. A kambo, wato matsugunan leburorin gona na Jazira waɗanda da yawansu ba su ma cikin taswirar hukuma, wannan kwamiti shi ne ƙofar komai. Wanda ya rubuta lambarka, ya kuma ba ka takardar da za ka shiga da ita, idan ya ce maka alamar bishiya, ba ya buƙatar ya ƙara komai.

'Yan adawa suka yi ƙorafi cewa an buga takardun zaɓen shugaban ƙasa a maɗaba'ar kuɗi ta gwamnati a Hartum. Haraka Sha'abiyya, wato SPLM, ta janye ɗan takararta Yasir Arman, Umma ta Sadik ta ƙaurace. Bayan zaɓe wani hoton bidiyo ya bazu a YouTube, ana ganin mutane cikin rigar ma'aikatan zaɓe suna cusa takardu a akwati, aka ce a jihar Bahar Maliya ne, hukuma ta ce ƙirƙira ce. Masu sa ido na Cibiyar Carter da na Tarayyar Turai suka ce zaɓen bai kai ma'aunin duniya ba. Aka ba Bashir kashi 68.

Nilul Azrak ita ce jiha ɗaya tilo a Arewa da aka yi kokawa ta gaske. Haraka ba ta janye a can ba, ta tsayar da Malik Agar neman gwamna, Mu'utamar ta tsayar da Farah Agar. An yi kwanaki ana jiran sakamako, kowane ɓangare yana cewa shi ya ci, kowane yana cewa sojojin ɗayan sun hana magoya bayansa sakat a yankunan da suke iko. Kasuwar Damazin ta yi tsit, masu kaya a cikinmu suka tsayar da motoci a Sinja suna sauraro. Daga ƙarshe aka bayyana Malik Agar da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba. A irin wannan rata kowane ƙauye abin lissafi ne, kuma ƙauyukanmu na bakin kogi, daga Rusairis zuwa arewa, an lissafa su a gefen Mu'utamar tun kafin a buɗe akwatunansu. Wasu sun zaɓe ta, wasu ba su zaɓe ta ba, amma a bakin mutane an riga an yanke. A farkon 2011 aka yi mashura sha'abiyya, taron jin ra'ayin jama'a kan makomar jihar, jam'iyyun biyu suka riƙa kwaso mutane a mota suna koya musu kalmar da za su faɗa. A farkon Satumbar wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Damazin, Bashir ya tsige gwamnan da aka zaɓa.

A 2015 manyan 'yan adawa suka ƙaurace da taken Irhal, wato tafi. Bashir ya samu kashi 94. Hukumar zaɓe ta ce kashi 46 na masu rajista sun fito, Olusegun Obasanjo kuwa, wanda ya jagoranci masu sa ido na Tarayyar Afirka, ya ce abin da suka gani bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan shi ne zaɓe na ƙarshe da aka yi a Sudan zuwa yau. Bashir ya faɗi a Afrilun 2019, zaɓen da aka yi alkawari bai zo ba.

Rashin akwati bai kashe tambayar ba. Bayan yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020, Malik Agar ya dawo cikin gwamnati, mutuminsa ya zama gwamnan Nilul Azrak. Hausawan jihar suka nemi a ba su imara tasu a tsarin sarautun gargajiya, shugabannin wasu ƙabilu suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, Bahaushe kuma ba shi da ƙasa. A wannan karo zargin ya juya gaba ɗaya: mutanen da aka ce sun zaɓi Mu'utamar don su kayar da Agar a 2010, su ne aka ce Agar yana renon su don zaɓe mai zuwa. A Yulin 2022 faɗa ya tashi a Rusairis da Ganis da kewaye, a Oktoba ya koma Wad al-Mahi, cikin garuruwan nan masu lamba da aka gina wa waɗanda ƙarin tsawon madatsar Rusairis ya tasa. Ɗaruruwan mutane suka mutu daga ɓangarorin biyu, dubun dubata suka gudu zuwa Sinnar da Rabak da Kosti. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Madani da Hartum. Wasu daga cikin membobin wannan ƙungiya sun rasa shaguna da injinan ban ruwa da 'yan uwa a waɗannan watanni.

Sai babban yaƙi na 15 ga Afrilun 2023. Da'amus Sari' suka shiga Madani a Disamban wannan shekara, suka shiga Sinja a tsakiyar 2024, soja ya ƙwato Sinja a Nuwamba, ya ƙwato Madani a Janairun 2025, aka kuma kai wa wasu kanabi hari bisa zargin sun taimaki ɗaya ɓangaren. A duk wannan gudu, abin da mutane suka fi bari a baya shi ne takarda: jinsiyyar uba, shaidar haihuwa, rakam watani, takardar hawasha, lasisin shago. Ofisoshi da dama da suke riƙe da asalin waɗannan takardu an wawushe su. Duk ranar da aka sake kafe sunayen masu zaɓe a Jazira da Sinnar da Nilul Azrak, daga waɗannan takardu za a fara, kuma wakilan jam'iyyu za su sake bin jerin da yatsa.

Saboda haka sakatariyar ƙungiya ta buɗe littafi tun watan jiya. Duk memban da takardunsa ko na iyalinsa suka salwanta, ya kawo abin da ya rage, ko hoto ne a waya, ko lamba ce da ya haddace, tare da sunayen dattawa biyu daga dangin uba waɗanda suke raye kuma aka san inda suke zaune yanzu. Wanda nasa suke hannu, ya kawo a ɗauki hoto a ajiye kwafi biyu, ɗaya a nan, ɗaya wajen reshenmu na ƙetaren iyaka.